Dattijon da Ke Ƙarshen Tebur

Wata uku mahaifin Auta ya ba saurayinta, yau kuma saura kwana tara.

Sharaɗin ba shi da tsawo. Ya kawo takardar ɗaukar aiki mai hatimi, daga wurin da ake biyan albashi ƙarshen wata, sai a zauna a yi magana. In bai kawo ba, ya ɗauke ƙafarsa daga ƙofar gidan, don akwai mai jira.

Mai jiran kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai Kemis ake ce masa. Shagon magani uku gare shi, da mota mai sanyi, da haƙuri irin na wanda ya san ƙarshenta shi za a nema. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kafin maganin hawan jinin mahaifin Auta ya ƙare, ya aiko da wani. Abin haushin da ke tattare da mutumin ke nan, duk iya nemanka ba za ka sami inda za ka kama ka ce ga laifinsa ba.

Shi kuwa namu, a takarda injiniyan ruwa ne. Shekara biyar ya yi yana karanta ƙasa da duwatsu da yadda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashinsu. A zahiri kuma shekara huɗu ke nan yana zaune a wata rumfa bakin titi, yana kwance famfunan mutane yana ɗaurawa. Unguwa na kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. A gidan su Auta ba a wahalar da baki, Mai Famfo ake cewa.

Auta ce ta turo masa sanarwar a waya, wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse yana neman injiniya ɗaya. Ya cike ya aika bai sa rai ba, don irinta ya aika ta fi talatin, ko amsa ba a yi masa. Sai ga kira, wai ya zo intabiyu ranar Laraba.

Ranar Litinin bayan la'asar ya je ya gaya mata. Ta fito da fararen kayanta na asibiti, dawowarta ke nan daga ɗakin yara inda take aikin jinya. Suka tsaya inda suka saba, jikin ƙofa, kusa da tagar falo. Shekara biyu yana zuwa gidan nan, iyakarsa ke nan.

Ta yi murna, amma murnar ba ta daɗe a fuskarta ba.

"Jiya ya sake zuwa," ta ce.

"Mai Kemis?"

"Shi da yayansa. Baba ya shigar da su falo, har da kunna musu fanka. Kai kuwa kullum kana nan waje kamar wanda ya zo duba mitar wuta."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Bayan sun tafi aka kira ni," ta ci gaba. "Baba, Umma, da yayyena su huɗu. Umma ta ce shekarata ashirin da bakwai, ƙawayena kowacce da goyonta, wai me nake jira a jikin mai kwance famfo. Babban yayanmu ya ce asiri ka yi min."

"Da ina da asiri ai da aiki na fara yi wa."

"Ba wasa nake ba, Injiniya."

Ya ga idonta ya cika, ya gyara tsayuwa.

"Me kika ce musu?"

"Na ce kai nake jira. A gaban Baba na faɗa, ban sunkuyar da kai ba. Na ce ko wata ukun ya cika ba ka samu ba, ni dai ban sauya ba. Umma ta fashe da kuka, ta ce na zaɓi bare na bar uwata. Tun jiya ba ta amsa gaisuwata."

Hawayen suka zubo. Ba ta goge ba, shi kuma ba shi da ikon goge mata, ga mutane na wucewa. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta fi tausayin yawa.

"Ki yi haƙuri, Auta. Jibi zan je, kuma in sha Allahu ba zan dawo hannu rabbana ba. Ko me suke so su ji, zan faɗa musu."

"A'a," ta ce da sauri. "Ka je yadda kake. Kada ka ari bakin kowa ka tafi da shi."

"To, ranki ya daɗe."

Ya amsa ne kawai don ta daina kuka.

Washegari ya rufe rumfa da wuri ya nufi gidan yayarsa, don a can gwanin intabiyu yake. Mijin yayar tasa, wanda kowa ke kira Sakatare, shekara goma sha takwas ya yi yana zama a kusurwar ɗakin ɗaukar ma'aikata na wata ma'aikata, yana rubuta abin da aka faɗa. Bai taɓa ɗaukar ko masinja ba, amma in yana magana sai ka rantse shi ke sa hannu. Yana da wani tsohon littafi mai baƙar fata, tambayoyi arba'in da amsoshinsu, duk da rubutun hannunsa.

Ya ja teburin cin abinci tsakiyar falo, ya zaunar da matarsa a gefensa a matsayin manaja, ya tura Injiniya waje ya ƙwanƙwasa.

"Koma! Wa ya ce ka zauna? Sai an ce ka zauna. Koma ka sake shigowa."

Sau huɗu ya shigo kafin shigowar ta karɓu. Daga nan aka shiga littafi. Faɗa mana kai wane ne. Mene ne rauninka. Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar. Kowace tambaya da amsarta, kuma ba a yarda a ƙara ko harafi ba.

"In suka ce shekara huɗu kana ina, kada ka kuskura ka ce gyaran famfo. Ka ce kana ba da shawara kan harkar ruwa."

"Wa yake ba shawarar?" in ji yayar. "Masu wankin mota?"

"Ke manaja ce, manaja ba ta katsalandan."

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

"Ta ashirin da bakwai. Wannan ce take kayar da gwanaye. Maganar iyali. Kamfanin haƙa rijiya aikinsu na daji ne, ba sa son mai waiwayen gida. In suka ce akwai maganar aure, me za ka ce?"

"Zan ce akwai."

Sakatare ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai.

"Ka gani? Ka faɗi tun ba ka je ba. Bari in ba ka labari. Samari biyu suka zo gabanmu wata shekara, ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Aka tambayi gwanin, ya washe baki ya ce saura wata uku bikinsa. Yana fita shugaban ya ce, wannan hankalinsa na gida. Da hannuna na rubuta. Aka ba wa ɗayan."

"Yanzu ƙarya za ka koya wa ƙanena?" yayar ta ce.

"Wace ƙarya? An ɗaura ne? An sa rana ne? Ko falo bai taɓa shiga ba. A takarda ba shi da kowa." Ya juyo wajen Injiniya. "Yarinyar kake so ko kuwa? To hanyar gidansu ta ɗakin nan ta bi. Minti ɗaya ka ce babu, ka karɓi takardarka, ka je ka aure ta. Wa zai sani?"

Injiniya ya ƙura wa littafin ido. Yayarsa ta tashi daga kujerar manaja ta shige kicin, tana cewa ita ta ajiye aiki.

Ranar Laraba ƙarfe takwas yana ofishin kamfanin, cikin kwat ɗin Sakatare da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ginin bene ɗaya ne, a harabarsa an jibge bututu da wani injin haƙa da aka kwance wa ciki. Su goma sha huɗu ne a kan benci a baranda, kowa ya rungume fayil, kowa leɓensa na motsi. Ashe kowa da Sakatarensa.

Shi ne na tara.

Ya ƙwanƙwasa, ya shiga, ya jira aka ce ya zauna.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. A tsakiya wata mata mai tabarau, ita ce mai kula da ma'aikata. A damanta babban injiniyan kamfanin, ƙato, rana ta gasa shi, faratansa duk sun tsage. A can ƙarshen tebur kuma wani dattijo ne cikin riga mara ado, da ƙaramin fulas ɗin shayi a gabansa. Babu fayil a wajensa, babu biro. Kai ka ce wani ya zo jira aka ba shi kujera.

"Faɗa mana kai wane ne," in ji matar.

Ta ɗaya a littafi. Ya zubo ta tsaf, har da inda Sakatare ya ce a ja numfashi. Matar tana rubutu ba ta ɗago ba.

"Me ya sa kake son aiki da mu?"

Ta huɗu. Ya zubo. Babban injiniya ya yi hamma bai ko rufe baki ba. Amsar nan yau sau takwas ya ji ta, ta tara ce wannan.

Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko gwangwanin madara uku da faranti. Ya juye kowanne daban, ƙasa ce tuli uku.

"Daga rami ɗaya suka fito jiya. Mita ashirin, mita arba'in, mita sittin, sai dai na manta wanne ne wanne. Mai gonar yana tsaye a kaina, yana so ya san mu ci gaba da haƙa ko mu naɗe kayanmu. Me zan gaya masa?"

Injiniya ya lalubi littafin Sakatare a kansa daga ta ɗaya har ta arba'in, babu gwangwani a ciki. Ya ce a ransa, shi ke nan, an gama da ni. Da ya ga an gama da shi kuma, sai tsoron ya sake shi.

"Ranka ya daɗe, da ido ba zan iya ba. A taimaka min da ruwa kaɗan."

Matar ta ɗago karo na farko. Aka miƙo masa gorar ruwa.

Ya cire kwat ɗin ya rataye a kujera, ya naɗe hannun riga. Ya jiƙa tulin farko ya murza, ja ce, tana manne wa yatsa.

"Wannan ta sama ce, laka ce, ba ta ba da ruwa."

Ya murza ta biyu. Tsakuwa ce mai kaushi, da tsatsa a jikinta, tana marmashewa. Ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye. Ta uku baƙin dutse ne mai kaifi, fes, ko ɗigon tsatsa babu.

"Mai tsatsar nan ita ce ta arba'in, ruɓaɓɓen dutse ne, ruwa ya daɗe yana zama a cikinsa. Baƙar ita ce ta sittin, dutse ne sabo. Ruwan yana arba'in, kun riga kun wuce shi. Ni zan ce a tsaya, a sa bututu mai huda daidai nan, a wanke ramin a gwada."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba sai an gwada. Ana iya cin sa'ar tsaga a ƙasa. Amma da rijiyata ce, haka zan yi."

Babban injiniya ya jingina da kujera yana kallonsa.

"Shekara huɗu tun da ka gama karatu. Kana ina?"

Da laka a hannu har wuyan hannu, maganar ba da shawara kan harkar ruwa ta ƙi fitowa.

"Gyaran famfo nake a bakin titi."

Ƙaton ya tuntsire da dariya har tebur na girgiza.

"Shi ya sa! Tun safe kowa kallon ƙasar nan yake kamar za ta cije shi." Ya dubi matar ya gyaɗa kai, ita kuma ta ja layi biyu a ƙarƙashin wani abu a takardarta.

Injiniya ya ga layin. Ya san ya taɓa aikin nan da hannunsa, abin da ya rage kawai kada ya suɓuce. Tsoron da ya sake shi ɗazu ya dawo, ya fi na farko ƙarfi, don yanzu yana da abin rasawa.

"Mun gode," in ji matar. "Za ka ji daga gare mu."

Ya goge hannu, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya miƙe.

"Ɗana, ɗan zauna."

Dattijon ne. Muryarsa a kwance take.

"Ni ba na tambayar dutse, na bar wa yara. Aikinmu na daji ne, wata biyu wata uku mutum bai ga gida ba. Kana da iyali?"

"A'a, Baba."

Wannan dai gaskiya ce.

"Akwai wadda ake maganar aure da ita?"

Ga ta nan, ta ashirin da bakwai. Fuskar Auta ta faɗo masa, da fararen kayanta da hawayen da ba ta goge ba. Muryar Sakatare ma ta faɗo. Biron matar yana tsaye a kan takarda, daf da layin nan biyu.

"Babu," ya ce.

Dattijon ya zuba shayi a murfin fulas, bai sha ba.

"Babu ko ɗaya? Saurayi kamarka? Ka yi tunani, ba sauri muke ba."

Da mai hankali ne, da ya ji an buɗe masa ƙofa. Shi kuwa tarko ya ji. Ya ɗauka ana so a ga ko zai sauya magana ne.

"Akwai dai wata da muke gaisawa, amma ba wata magana ba ce mai ƙarfi."

"To. In wata rana aiki ya ja nan, ita ta ja nan fa?"

"Aiki ne a gabana, ranka ya daɗe. Babu abin da zai riƙe ni."

Wannan ma ba ta cikin littafin, shi ya ƙaro ta da kansa.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juye shayin cikin fulas ya murɗa murfin.

"Madalla. Kana iya tafiya."

A hanya bakinsa ɗaci yake yi. Ya yi ta gaya wa kansa don ita ya yi, kuma kafin ya kai gida ya kusa yarda. Sakatare kuwa da ya ji labari, maganar gwangwani bai ko tsaya a kanta ba.

"Ta ashirin da bakwai! Ban gaya maka ba? Ita ce ta ci maka!"

Ranar Juma'a da hantsi aka kira shi ya zo ya karɓi takarda. Ambulan fara, hatimi shuɗi, zai fara aiki farkon wata. Ya karanta ta a harabar kamfanin sau uku don daɗi. Saura kwana biyar wa'adi ya cika. Bai kira Auta ba, so yake ya ga fuskarta.

Bayan la'asar ya yi wanka ya sa rigarsa mafi kyau. Yana karyo kwanar layinsu ya hango wata farar mota a ƙofar gidan, da zanen ɗigon ruwa a jikin ƙofarta. Irin zanen da ke saman takardar da ke hannunsa.

Bai gama haɗa lissafin abin a kansa ba ƙofar gida ta buɗe. Dattijon ƙarshen tebur ya fito, Auta na biye da shi riƙe da fulas ɗinsa.

"Ka gaida gida, Kawu," ta ce.

Injiniya ya tsaya cak. Ya so ya durƙusa ya gaishe shi, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa.

"A'a, Injiniya," in ji dattijon, kamar sun haɗu a kasuwa. "Ka karɓi takardarka? Ka san aikinka, shi ya sa na sa hannu. Ba na haɗa aiki da wani abu."

Ya karɓi fulas ɗin daga hannun Auta.

"'Yata, na faɗa miki abin da kunnena ya ji, ban ƙara ba ban rage ba. Mahaifinki kuwa abin da na gaya masa kawai yaro ya ci. Sauran naki ne."

Ya shiga mota ya tafi.

Suka rage su biyu a jikin ƙofa. Idonta ya kumbura, amma yanzu a bushe yake.

"Yayan Umma ne," ta ce. "Shi ya kafa kamfanin."

"Auta…"

"Ni na kai masa takardunka. Sau uku ina zuwa ofishinsa ina kuka. Ya ce shi ba ya ɗaukar mutum don an yi masa kuka, amma zai sa a kira ka, in ka ci ka ci. Ya ce kuma zai yi maka tambaya ta kansa. In amsar ta kwanta masa, shi da kansa zai tsaya maka a wajen Umma da yayyena. Duk gidan nan babu mai musu da Kawu."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya maka za ka je? Kai da ka ce ko yunwa za ta kashe ka ba ka cin arzikin dangin mace?"

Ya faɗa kuwa, kuma ba sau ɗaya ba.

"Wallahi don ke na yi," ya ce. "Wallahi tallahi. An ce min in na ce akwai aure a gabana ba za su ɗauke ni ba. Na ga aikin a hannuna, na ji tsoro. In na rasa shi na rasa ki, Auta. Me kike so in yi?"

"An ce maka."

"Minti ɗaya ne kawai. Magana ce ta baki, ba ta kai zuci ba."

"Sau uku ya tambaye ka." Muryarta ta fara rawa. "Ya ce ta farko ya ɗauka tsoro ne. Ta biyu ya ɗauka kunya ce. Ta uku ce ta sa ya rufe fulas ɗinsa. Wata da muke gaisawa. Ni ce wata? Shekara biyu gaisawa muke?"

"Ki yafe min."

"Ni a gaban Baba na kira sunanka. A gaban maza huɗu da suke min kallon mahaukaciya. Uwata na kuka na ƙi janyewa, yau kwana biyar ba ta ce min ci kanki ba. Babu wanda ya ce zai ba ni komai in na faɗa, asara ce kawai a ciki, kuma na faɗa. Kai baƙi uku ne a gabanka, ba mai zaginka, ba mai dukanka."

Kukan ya ƙwace mata. Ta juya fuska jikin bango har ya lafa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya ji ya tsani kansa, ya tsani baƙin littafin, ya tsani ambulan ɗin da ke jiƙewa da gumi a hannunsa.

"In kin ce in yaga ta, yanzu zan yaga."

"Kada ka yaga. Guminka ne, Kawu ya ce duk cikinsu ba kamarka." Ta share fuska da gefen mayafi. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ni ma. Da ka san kawuna ne, me za ka ce masa?"

"Da na faɗa masa gaskiya! Da na ce ke ce, ke kaɗai, tun ranar da na fara ganinki."

Ya faɗa da sauri, da dukan zuciyarsa, yana ganin ya sami amsar da za ta gyara komai.

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na sani," ta ce. "Wato sai ka san wa ke saurare kake sanina."

Kafin ya buɗe baki, muryar mahaifinta ta fito ta tagar falo, a sake, har da fara'a.

"Auta! Wai Injiniyan ne a waje? Ki ce ya shigo mana, ya tsaya a rana."

Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Injiniya ya ɗaga ƙafa zai taka dokin ƙofa, Auta ta sa hannu ta tare.

"Tsaya nan."

Ta shiga ita kaɗai. Tagar a buɗe take, labule kawai ke tsakani, yana jin ƙarar fanka da motsin kujera.

"Ina yake?" in ji mahaifin. "To ba komai, kunya yake ji. Kawunki ya ce yaron ya san aikinsa, kuma ni ba na magana biyu. Ya cika sharaɗi, na ba shi. Ummanki ni zan ji da ita, Mai Kemis kuma zan ba shi haƙuri da kaina. Ki ce ya turo manyansa."



Injiniya ya matsa jikin bango, ya kasa kunne.

"Auta, da ke nake."

"A'a, Baba," ta ce, muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Ka bar shi ya tafi aikinsa."

"Me kika ce?"

"Na janye."

Sai wani hannu ya ɗaga labulen ya jawo tagar ya rufe.